Su wa ke bayan maganin da kake sha? Tambayoyi da amsoshi kan masu aikin binciken magani

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, watan da ake bikin ranar gwajin magunguna ta duniya a 20 ga wata ana karrama masu wannan aiki, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mana mu ma'aikatan binciken magani, daga ɗaliban aikin jinya, daga iyayen da aka zo neman yaransu su shiga wani bincike, har daga 'yan uwanmu da ke ganin muna fita da asuba mu dawo bayan magariba amma har yau ba su gane aikin me muke yi ba. Shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa iya abin da na sani.

Wai mene ne ma binciken magani a kan mutane?

Shi ne hanyar da ake bi a tabbatar ko wani magani, ko allurar riga-kafi, ko wata dabarar jinya tana aiki da gaske kuma ba ta cutarwa, kafin a sake ta ga jama'a. Bayan an gama da ɗakin gwaje-gwaje da dabbobi sai a zo kan mutane, mataki-mataki. Matakin farko mutane kaɗan ne, wasu gomomi, ana duba ko jiki zai ɗauka da kuma yawan da ya kamata a ba da. Na biyu ɗaruruwa. Na uku dubbai, nan ne ake kwatanta sabon da wanda ake da shi a hannu. Na huɗu kuma bayan magani ya shiga kasuwa ne ake ci gaba da sa ido.

A mataki na uku yawanci kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu kamar ƙuri'a, ba likita ne ke zaɓa ba, don kar son zuciya ya shigo. Kuma cikin magunguna goma da suka fara wannan tafiya, kusan ɗaya ne kawai ke kaiwa ƙarshe.

Ba likita ne kaɗai ke yin wannan aikin ba?

Ina! Likita ko farfesan da ake kira babban mai bincike shi ne ke ɗauke da alhaki, shi ke sa hannu, shi za a kama idan an samu matsala. Amma a bayansa akwai jama'a da yawa. Akwai kodineta mai riƙe da tsarin komai. Akwai nas-nas masu ɗibar jini da awon zafin jiki da lallashin yaro mai kuka. Akwai mai harhaɗa magani wanda shi ke ajiye maganin binciken yana ƙirga kowace ƙwaya, ta shiga ta fita, kuma yana rubuta sanyin firij safe da yamma. Akwai 'yan lab, akwai masu shigar da bayanai a kwamfuta, akwai masanin lissafi da zai zauna da alƙaluma ya ce ko bambancin da aka gani na gaske ne ko dace ne kawai. Akwai monita da ke zuwa daga waje yana bin fayil shafi-shafi.

Sai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba sam: tafinta, direba, mai kula da janareto, ungozoma, mai unguwa da limamin da suka tara jama'a a ƙofar gida aka yi musu bayani. Idan janareto ya mutu dare ɗaya firij ya huce, allurar wata shida tana iya lalacewa. To kun ga mai gadin janareton nan ba ƙaramin mutum ba ne a binciken.

Me kodineta da ma'aikatan da ke shiga gari suke yi takamaimai?

Nan ne zan ɗan tsaya, don su ne ƙashin bayan abin. A ce an ɗauki yara dubu biyu za a bi su shekara biyu. Kowane yaro yana da ranakun da dole a gan shi, kuma akwai iyakar kwanakin da in aka wuce, wannan ziyarar ta faɗi. Kodineta ce za ta san cewa gobe yara 23 ne ke zuwa, uku daga ciki ba su zo wancan karon ba, ɗaya uwarsa ta tafi wankan gida ƙauyensu, ɗaya sun tashi daga gidan haya ba su bar adireshi ba. Sai ma'aikacin gari ya hau babur ya shiga lungu yana tambaya, gidan mai ƙosai na kusa da masallaci, har ya samo su. Da damina hanya ta yanke, haka zai tuɓe takalmi ya ratsa.

Kuma akwai ƙa'idar da duk mai wannan aiki ya haddace: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. In ka yi kuskure a fom ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta na farkon, ka rubuta daidai a gefe, ka sa harufan sunanka da kwanan wata. In ɗan bincike ya kwanta asibiti ko ya rasu, ko da haɗarin mota ne ya yi, wanda ba ruwansa da maganin, dole a kai rahoto cikin awa 24 da samun labari, ko ranar Sallah ce. Mutanen da ke wannan aikin su ne suke sa a yarda da sakamakon. Farfesa yana iya tsara bincike mai kyau ƙwarai, in fom ɗin da aka cike a ƙauye ƙarya ne to komai ya rushe.

Ga kuma aikin zuciya da ba ya shiga kowane fom. Nas ɗin da ta bi yaro wata goma sha takwas, ta san sunan ƙannensa, ran da ya rasu ita ma tana cikin masu zuwa gaisuwa, ta dawo ta zauna ta cike takardar rahoton rasuwarsa da hannunta.

Su waɗanda ake gwajin a jikinsu fa, su ma suna cikin waɗanda ake karramawa?

Su ne ma na farko. Ma'aikaci albashi yake karɓa, su kuwa jikinsu da jininsu da lokacinsu suka bayar, kuma sau da yawa ba su ne za su ci moriyar abin ba, 'ya'yan wasu ne nan gaba. A 1954 lokacin gwajin allurar shan inna ta Jonas Salk a Amurka, yara 'yan makaranta kusan miliyan 1.8 ne suka shiga, an kuma ba su kati da ɗan baji na shaidar cewa su ne suka share fage. Wasunsu sun ajiye har tsufa. A ɗaya gefen kuma ga Henrietta Lacks, baƙar fata da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a 1951 a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba, ƙwayoyin suka yi wa duniya amfani har da aikin allurar shan innar nan, iyalinta ba su san komai ba sai bayan sama da shekara 20.

Ko kalmar da ake kiransu da ita ta canza. A gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 2024, wato babbar takardar ɗa'ar bincike ta likitocin duniya, an bar kiransu da sunan da ke nuna su abin gwaji ne, an koma ce musu mahalarta.

Me ya sa ake bikin ranar 20 ga Mayu?

Saboda wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotland, James Lind. A watan Mayu na 1747, a cikin jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Salisbury, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da wata cuta da ke kama masu doguwar tafiyar teku, dasashi ya kumbura yana jini, jiki ya mutu, wadda yanzu aka san rashin bitamin C ne. Ya raba su biyu-biyu gida shida, abincinsu iri ɗaya, kowane gida ya ba su abu daban, wasu ruwan tsami, wasu ruwan teku, wasu lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum. Masu lemon nan cikin kwana shida suka farfaɗo. An ɗauki 20 ga Mayu a matsayin ranar da ya fara, shi ya sa ta zama ranar gwajin magunguna ta duniya.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan, kowa ya san sunan Lind, amma matuƙan nan 12 bai rubuta sunan ko ɗaya ba. Kuma sai 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo ga kowa, kusan shekara 50 ana mutuwa da amsar a hannu.

Wannan ba harkar Turawa ba ce? Akwai abin da aka taɓa yi a wajenmu?

Akwai sosai, kuma abin takaici mutanenmu ba su sani ba. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023 an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Dabarar ita ce a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga ainihin yawan jinin da ya zuba maimakon kintace da ido, in ya kai iyaka a ba da duk matakan jinya lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, har mujallar TIME ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Ta cancanta ƙwarai. Amma ku tuna da ungozomomin da suka riƙa auna ledar nan da tsakar dare, haihuwa bayan haihuwa, suna rubutawa.

A Madarunfa ta jihar Maraɗi an gwada Rotasiil, riga-kafin gudawar yara wanda zafi ba ya saurin lalata shi, tare da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF. Jarirai dubbai ne iyayensu mata suka kawo, ana ɗiga musu a baki sau uku, ana binsu har gida. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana kare kusan kashi biyu cikin uku na gudawa mai tsanani. A jihar Doso kuma binciken MORDOR ya nuna raba maganin azithromycin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin ɗari a Nijar. A Kano da Kaduna, binciken SPRING ya bi yara 220 masu sikila waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ana ba su hydroxyurea, Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt suka yi shi tare. 

Bayan abin da ya faru a Kano a 1996, ta yaya za ku ce mu yaba wa masu gwajin magani?

Wannan tambayar halal ce, kuma duk wanda ya ce a manta da ita bai san Kano ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, da yara kusan 200, rabi Trovan rabi wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya karɓi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya nan ba, yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su lokacin ƙauracewa allurar shan inna a 2003.

Ni a ganina, wannan tarihin shi ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata a san masu aikin da fuskokinsu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ba kuma takardar da aka buga a Landan ce za ta kwantar masa da hankali ba. Abin da ke dawo da yarda shi ne nas 'yar unguwa da za ta zauna a tabarma ta yi bayani har uwa ta gane, ta kuma ce mata kina da ikon cewa a'a, ba abin da zai taɓa jinyar ɗanki. Karramawar da muke magana ta masu yin aikin bisa ƙa'ida ce, kuma ba ta hana a tuhumi wanda ya karya ta. Duba amsar da ke biye kan masu tsaron mahalarta.

To wa ke tsaron wanda ya shiga bincike?

Akwai mutane da aikinsu ke nan, su ma ba a ganinsu. Na farko kwamitin ɗa'a na asibiti ko jami'a, wanda ba likitoci kaɗai ne a ciki ba, ana sa wanda ba ma'aikacin lafiya ba don ya kalli abin da idon talaka. Su ke karanta tsarin binciken da takardar amincewa, su ce a gyara ko su ƙi gaba ɗaya. A Najeriya akwai kwamitin ƙasa, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, sannan hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, sai ta ba da izini kafin a gwada magani. A manyan bincike akwai kuma wani kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamako ana tsakiyar aiki, yana iya cewa a tsaya in ya ga cutarwa, ko in amfanin ya fito fili har ya zama zalunci a ci gaba da hana ɗaya ɓangaren.

Waɗannan dokokin da jini aka same su. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta biyo bayan ta'asar likitocin Nazi. A Tuskegee ta Amurka daga 1932 zuwa 1972 an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda cutar ke tafiya, kuma wani ƙaramin ma'aikacin lafiya, Peter Buxtun, shi ya tona.

Ana biyan mahalarta kuɗi?

Ana mayar musu da kuɗin mota da ɗan abin da zai rufe ranar aikin da suka rasa, kuma jinyar da ta shafi binciken kyauta ce. Ba a yarda kuɗin ya yi yawan da zai sa mai buƙata ya rufe ido ya sa hannu ba, kwamitin ɗa'a ne ke duba adadin. In wani ya zo maka da kuɗi masu tsoka yana gaggauta ka, ka yi hattara.

Me ya sa in an buga sakamako ba a ganin sunan nas ko ma'aikacin gari?

Dokar mujallun likitanci ta ce kafin a sa sunanka cikin marubuta sai ka taka rawa a tsarawa ko tattara bayanai ko nazarinsu, kuma ka sa hannu a rubutun ko gyaransa, ka amince da shi, ka ɗauki alhakinsa. Nas-nas da ma'aikatan gari sun cika sharaɗin farko tsaf, amma ba wanda ke turo musu rubutun su duba, to ta ina za su cika na biyu? Sai a tattara su a layi ɗaya a ƙarshe, muna godiya ga ma'aikatanmu. Na taɓa yin shekara biyu a wani aiki, ran da takardar ta fito a wayar wani na gan ta, ba wanda ya ko sanar da mu, kuma matar da ta fi kowa sanin gidajen yaran nan ko a layin godiyar ba ta fito ba. Abin ya yi min ciwo har yau.

Akwai kuma masu zuwa daga waje su kwashi jini da bayanai su tafi su buga da sunayensu kaɗai. Yanzu wasu mujallu sun fara tambaya, ina 'yan ƙasar da aka yi aikin a cikinta? Abin yana gyaruwa, a hankali dai.

In gwaji ya nuna maganin ba ya aiki, wahalar ta tashi a banza ke nan?

A'a. Sanin cewa abu ba ya aiki yana hana a ɓarnatar da kuɗi da rayuka. Lokacin korona, binciken RECOVERY na Birtaniya shi ya nuna a watan Yunin 2020 cewa maganin dexamethasone mai arha yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma shi ɗin dai ya nuna hydroxychloroquine da ake ta yayatawa ba ya ceton waɗanda aka kwantar. Ma'aikatan ɓangarorin biyu wahala ɗaya suka sha.

A aikace, me ake nufi da karrama su? Riga da hula da hoto ne?

Rigar ba laifi, ana jin daɗinta. Amma in za a tambaye ni, na farko a koma garin da aka yi binciken a gaya wa mutane abin da aka samu, da Hausa, a gidan rediyo ko a ƙofar fada, ba a ɓace kamar an shiga ƙasa ba. Uwar da ta kawo ɗanta sau goma sha biyu tana da haƙƙin ta ji ƙarshen labari. Sannan in maganin ya yi aiki ya iso garin da farashin da za a iya saya. MenAfriVac misali ne mai kyau, riga-kafin sanƙarau da aka gwada a Mali, Gambiya, Senegal, Ghana da Indiya, aka fara shi a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, nau'in sanƙarau na A ya kusan ɓacewa a yankinmu.

Su kuma ma'aikata, yawanci kwantiragi suke, tallafi na ƙarewa aiki ya ƙare, mutum ya tara gwanintar shekara takwas amma ba shi da wata takarda da ke nunawa. A ba su satifiket, a biya alawus a kan lokaci, a tura su horo, a sa sunansu inda ya dace kamar yadda na faɗa a amsar da ta shafi marubuta. Ku kuma jama'a, in maƙwabciyarku tana wannan aikin ku daina ce mata masu sayar da jinin mutane. Ku tambaye ta, za ta yi muku bayani.

Ina sha'awar shiga aikin, ta ina zan fara?

Ba sai ka zama likita ba. Nas, ungozoma, jami'in lafiya na al'umma, mai ilimin lab, mai harhaɗa magani, wanda ya karanta lissafi ko kwamfuta ko zamantakewa, duk akwai gurbinsu. Fara da kwas ɗin kyakkyawan tsarin gudanar da bincike da ake kira GCP, ana samunsa kyauta a intanet, kwana ɗaya ko biyu ka gama. Daga nan ka riƙa leƙa asibitocin koyarwa, Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, ko Yamai da Maraɗi ga 'yan Nijar, yawanci daga mai tattara bayanai ake farawa. Iya Hausa mai kyau, da Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, jari ne babba. Amma abin da ya fi komai shi ne gaskiya, in ba ka samu gidan ba ka rubuta ba ka samu ba, kar ka zauna gindin bishiya ka cike fom.

An zo ana neman ɗana ya shiga wani bincike, me zan tambaya kafin in yarda?

Tambayi sunan babban mai binciken da asibitin da yake, da lambar da za ki kira ko da dare ne. Tambayi wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, ki ce a nuna miki. Tambayi me za a ba yaron, ko akwai yiwuwar ya faɗa ɓangaren da ba sabon maganin ake bayarwa ba, sau nawa za a ɗebi jini, ina za a kai jinin, wa zai biya in wani abu ya same shi. Ki ce a karanta miki takardar da Hausa, in ba kya karatu a kawo shaida wanda ba ma'aikacinsu ba kafin ki dangwala yatsa, kuma a ba ki kwafinki ki tafi da shi gida ki yi shawara da maigida. Kina iya fita duk ranar da kika ga dama ba sai kin ba da dalili ba. Ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushin tambayoyin nan ba ko kaɗan, za ta gyara zama ne ta amsa miki ɗaya bayan ɗaya, in akwai wadda ta fi ƙarfinta ta kira likitan ya zo da kansa.